Lambar da Na Rubuta a Gilashin Motar Baba

Ni Orval Tackett, mai aski ne a garin Pruitt Gap. Shekara ashirin ina riƙe da almakashi, kuma ban taɓa barin mutum ya tashi daga kujerata bai ji labarin motar Baba ba. Wanda aka ɗaura wa zane a wuya, reza tana yawo kusa da maƙogwaronsa, ai ba ya musu. Shi ya sa na daɗe ina zaton duk garin sun yarda da ni.

Motar Pontiac ce ta shekarar 1968, ja wur, mai silinda takwas. Muna yara Baba yakan kai Mama coci da ita ran Lahadi, ran Asabar kuma ya kai ta filin tsere ya dawo da kofin nasara. Kofuna goma sha ɗaya ne jere a kan kabad ɗin Mama har yau. Ni kuwa a shago cewa nake motar nan tana cinye kwatan mil a sakan goma sha biyu. Bayan 'yan shekaru ta koma sha ɗaya. Da Baba ya rasu, don in girmama shi, na sauko da ita goma da 'yan kai.

Tun da idon Baba ya yi rauni motar take ajiye a rumfar bayan gida, shekara goma sha ɗaya, kajin Mama suna ƙwai a kujerar baya. Bai bar wasiyya a kanta ba. Saboda haka duk Lahadi, in mun taru cin abinci gidan Mama, sai an yi ta.

"Motar Baba tawa ce," na ce wata Lahadi cikin watan Mayu na 1994, ina miƙa hannu ga cinyar kaza. "Ni na san inji."

Yayata Nadine ta ɗago kai. Ita ke tuƙa bas ɗin makaranta, kuma matan garin da wucewarta suke saita agogo. Ta ce, "Kai ka san inji? Injin yankan ciyawarka wa ya gyara maka bara?"

"Wannan ai ƙaramin inji ne, Yaya. Ni ƙanana ba sa shiga kaina. Manya na iya."

Mama ta buga cokali a kan tebur har burodin masara ya yi tsalle. "Kun ishe ni! Wata takwas kuna wannan rikici a kan abincina. Da ubanku yana nan, filin tsere zai tura ku ku raba gardama."

"To a yi haka," in ji Nadine, ko a jikinta. "Ya gyara motar ya shiga da ita. Ni zan shiga da wagon ɗin Mama. Asabar ɗin farko ta Satumba. Wanda ya ci, takardar mota tasa."

Wallahi sai da na shaƙe don dariya. Wagon ɗin Mama fa! Motar da ake ɗauko dusar kaji da ita, wadda in ta zo hawan tudun coci sai fasinja ya taya ta da addu'a. Matata Lurleen ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur ta ce a hankali, "Orval, tseren rubuta lamba ne fa."

Na ce na sani. Wa bai sani ba? A filinmu kowa yakan rubuta a gilashinsa, da farin folish na takalmi, sakan nawa motarsa za ta yi. Mai jinkiri sai a sake shi ya fara tafiya, mai sauri ya jira bambancin da ke tsakaninsu. Wanda ya fara tsallake layin ƙarshe shi ya ci. In ka yi saurin da ya wuce abin da ka rubuta, ka faɗi. In ka tashi kafin koriyar fitilarka, ka faɗi. Duk na san wannan. Amma a ganina doka ce da aka yi don masu ƙananan motoci su rage baƙin ciki.

Na miƙa wa Nadine hannu a gaban Mama muka tafa. Mama ta tashi ta ɗauko takardar motar ta jefa a jakarta ta zuwa coci.

Washegari aka jawo min motar har ƙofar gida. Na rataya sarƙa a reshen babban itacen da ke farfajiya, na ɗaga injin sama, sarƙar ta cije. Kwana tara injin Baba yana lilo a bishiya. Mutane suna rage gudu su kalla, wasu har suna yin ribas.

Maƙwabcina Mista Hobart ya jingina da shingen da ke tsakaninmu. Tsohon bakanike ne, shekara arba'in yana cikin baƙin mai, yanzu ba shi da aiki sai renon tumatir da tauna taba.

"Orval," ya ce, "nunar injin kake jira ya faɗo da kansa?"

"Iska nake so ya sha, Mista Hobart."

Ya tsallako ya ɗan taɓa wani ƙarfe da ɗan yatsa, sarƙar ta saki. Na ce daman nan nake shirin taɓawa.

Da na warware injin na baje kayansa a gwangwanayen Lurleen, ya sake leƙowa. "Motar titi kake so ko ta tsere?"

"Duka biyu. In kai Mama coci ran Lahadi, ran Asabar in ci mutuncin mutane."

"To ka sa sabbin ringi, ka wanke bawul, ka sa matsakaicin kamshaf, ka bar kafireta ɗaya yadda ubanka ya bar ta. Shi ke nan."

"Haba Mista Hobart! Matsakaici? Ni ka taɓa ganin na yi wa mutum matsakaicin aski?"

"Sau da yawa," in ji shi, ya tofar da taba.

Na buɗe littafin odar kaya na wuce shafukan farko ban ko kalla ba. Can shafin ƙarshe, inda aka rubuta gargaɗi da jan rubutu, nan na tsaya. Na yi odar kamshaf mafi girma, da kafireta biyu, kowacce kamar tukunyar dafa wake, da wani dogon ƙarfe da za su zauna a kai. Hobart ya ga kwalayen ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Kamshaf ɗin nan ba ya son tsayuwa," ya ce. "In ka tsaya, motar za ta mutu. Kuma birkin motar nan da iskar da inji ke zuƙa yake aiki. Wannan ba zai bar maka iskar ba."

"Wa ya ce maka tsayawa zan yi?"

Wannan amsa ta yi min daɗi har sai da na maimaita ta a shago sati guda.

Ranar da zan ta da injin na gayyaci abokan cinikina. Mutum goma sha biyar suka zo da la'asar, Lurleen ta yi shayi mai ƙanƙara a babban jug. Na yi ɗan jawabi a kan gado da jini, na ce ilimin inji ba a koyonsa, haihuwar mutum ake da shi. Sannan na sunkuya a kan kafiretocin da ɗan fetur a kofi, na ce, "Lurleen, murɗa!"

Ta murɗa. Na ji "fuuum!" Na ga haske, na ga shuɗi, na kuma ga Baba yana girgiza kai. Da na dawo hayyacina ina zaune a kan ciyawa, ƙaurin gashi ya cika farfajiya, Lurleen ta juye min jug ɗin shayi a ka har da ƙanƙarar.

Gashin bakin da na yi shekara goma sha huɗu ina gyarawa kullum da safe ya tafi. Gira biyu sun bi shi.

Hobart ya leƙa injin, bai yi minti ɗaya ba ya ɗago. "Wayoyin fulogin motar nan ta hagu ake jera su. Kai ta dama ka jera. A ina ka gani?"

"A littafi."

"Littafin wace mota?"

Littafin na wata mota ne daban, a shago wani ya manta shi. Ran Litinin mutumin farko da ya zauna a kujerata ya dube ni ta madubi ya ce, "Orval, wanda ya yi maka wannan askin, don Allah kada ka bar shi ya taɓa ni."

Da injin ya tashi sai bonet ya ƙi rufuwa, don kafiretocin sun yi tsayi. Abu mai sauƙi, a huda. Na kifa bonet a ƙasa, na auna sau biyu kamar gwani, na yanka rami mai kyau. Na ɗora. Ramin yana gaba, kafiretocin suna baya. Ashe daga hancin na auna, ba daga gilashi ba. Na yanka na biyu. Na farkon kuwa na rufe shi da tiren gashin biskit na Lurleen, na ɗaure da kusoshi huɗu, na shafa jan fenti.

"Ina tirena?" in ji Lurleen da safe.

"Wane tire?"

Ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo. "Orval Tackett, na kakata ne fa."

"To yanzu ya shiga tarihi."

"Kai ma za ka shiga," ta ce, ta ajiye min busasshen burodi.

Fitar farko kan titi na sa gilashin rana don ɓoye wurin gira. Motar tana kakkarwa, tana ƙara kamar ana zuba duwatsu a durom, ni kuwa ina ɗaga wa mutane hannu. Danja ɗaya ce tal a garinmu. Ta tsayar da ni, na fara ƙirga, ban kai biyar ba injin ya mutu. Na tayar, ya mutu. Na tayar, danja ta sake yin ja. Sau uku tana canzawa ina wurin. A bayana kuwa, wa zan gani a madubi? Bas ɗin makaranta, ba kowa ciki, Nadine ta fito da shi gwaji, don ana hutu. Ba ta ko yi hon ba. Ta dai ɗago min hannu, ta nuna agogonta.

Na dawo gida a fusace. Na karyo kwanar layinmu na taka birki, na ji shi kamar na taka dutse. Na tashi tsaye a kai da ƙafa biyu. Motar ta wuce ƙofata, ta wuce akwatin wasiƙa, ta ɗauki shingen Hobart, ta shiga gonar tumatir ta kwanta a tsakiya.

Yana tsaye da tiyo a hannu, ruwa yana zuba a takalminsa. Tumatir ɗin da zai kai gasar gunduma ne, har sunaye ya sa musu.

"Ka ce ba tsayawa za ka yi ba," ya ce. "Ga shi ka tsaya."

"Mista Hobart, gwajin birki nake."

"Ya ci jarrabawar?"

Lurleen ta kwashe wanda ya fashe ta dafa miya kwalba talatin, ta kai masa ashirin. Ni kuma na gyara shinge. Shi ma daga baya sai da ya sake gyarawa.

Saura sati ɗaya, na ce lokaci ya yi da zan san lambata. Na kai Lurleen hanyar bayan gari, na tsayar da ita a bakin gada da agogon hannuna. Na tashi daga wata tsohuwar rumfar taba, na taka totur har ƙasa. Motar ta yi tari, ta yi tunani, sannan ta zabura. Na wuce gadar, na tsaya can gaba da taimakon tudu.

"Nawa?"

"Sha ɗaya," in ji Lurleen. "Amma Orval, daga rumfar nan zuwa gada ai bai kai kwatan mil ba."

"Ya kai."

"Ina jin muryarka daga can kana zagin giyar motar."

"Muryata ce mai ƙarfi. Kuma kin makara wajen dubawa, sai a rage kaɗan. Goma da ɗigo casa'in."

"Ta yaya ka san na makara?"

"Shekara sha shida muna tare, Lurleen, yaushe kika taɓa zuwa a kan lokaci?"

Da ƙafa na so ta koma gida don fushi, amma ita ce ta ƙi shiga motar da kanta.

Ran Asabar na rufe shago na manna takarda a ƙofa: AN TAFI ƊAUKO GADO. Na manta cewa Asabar ce ranar da kowa ke aski. Duk wanda ya zo ya ga takardar sai ya wuce filin tsere. Kafin azahar benci ya cika da kawuna masu suma, kowanne ya san labarin sakan goma daga bakina. Mama tana gaba a kujerar naɗewa, da lema, da jakar coci a cinya.

Da safe akan ba kowa damar gwaji sau uku kafin ya rubuta lamba. Nadine ta yi nata. Sha tara da ɗigo arba'in da ɗaya. Sha tara da ɗigo arba'in. Sha tara da ɗigo arba'in da biyu. Mai sanarwa ya ce a lasifika, "Jama'a, wanda zai sayi abinci ya je yanzu, zai dawo ya same ta a hanya." Aka yi dariya, ni na fi kowa.

"Ba za ka gwada ba?" in ji Hobart, wanda ya zo da kujerarsa musamman.

"Gwaji na masu shakka ne."

Gaskiyar magana, ina tsoron birki, kuma ba na so a ga gudun motar tun da wuri a tsorata.

Na girgiza kwalbar folish na rubuta a gilashin baya na gefe, da manyan lambobi yadda na can ƙarshen benci zai gani: 10.90. Aka ɗauki tafi da fito. Wani ya yi ihu, "Sai Orval!" Na ji kaina ya yi girma har hular kwano ta matse ni.

Nadine ta zo ta tsaya ta kalli lambar. Ba ta yi dariya ba, wannan ne ya ɗan dame ni.

"Orval, goge," ta ce a hankali, yadda ba wanda zai ji. "Ka je ka gwada sau ɗaya, ka rubuta abin da ta yi. Ƙanena ne kai, ba na so in ci ka a banza."

Allah ya sani zuciyata ta ce in goge. Amma ga mutum ɗari biyu sun riga sun tafa. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, tsoro ne ya kama ki? Ki je ki kunna sigina!"

Benci ya fashe da dariya. Ta gyaɗa kai ta juya.

Hobart ya matso. "Ka yi lissafi kuwa? Ta rubuta sha tara da arba'in. Sakan takwas da rabi za ka zauna kana jira. Da motar da ba ta iya tsayuwar sakan biyar a danja."

"Yau ta san ranar ce," na ce.

Aka kira mu. Akwai ɗan ruwa da ake zubawa kafin layi don mutum ya juya tayoyi su yi zafi. Mutane sukan yi sakan biyu ko uku. Ni na zauna a ciki na tayar da hayaƙi har ba a ganin benci, allurar zafi tana hawa ina kallonta ina ƙarawa. Nadine ta kewaye ruwan don kada ta ɓata wa Mama mota. Ta tsaya a layi, ta gyara madubi, ta ɗaura bel, ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

Fitilunta suka sauko, kore ya kama. Wagon ta tashi a natse, sai ka ce akwai yara arba'in a baya.

Ɗaya. Biyu. Na yi murmushi na ɗaga wa benci hannu. Uku. Huɗu. Ban taɓa sanin sakan yana da tsawo haka ba. Biyar. Motar ta fara rawar ɗari, na ɗan taɓa totur, ta yi gaba kaɗan, na danne birkin da ba shi da niyya don kada in tsallake layi in faɗi. Shida. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Shirun nan har yau ina jin sa. Na ji wata mata a benci tana tambayar mijinta ko akwai sauran mustad ɗin shafa wa burodi.

Kore ya kama a gefena ina murɗa makulli. "Rrr, rrr, rrr." Mai sanarwa ya ce, "Mista Tackett, hanya taka ce, duk sanda ka shirya." Wani daga cikin abokan cinikina, na gane muryarsa kuma na rama a kansa daga baya, ya yi ihu, "A tura shi!"

Ta tashi. Na taka totur da duk baƙin cikin da ke raina. Kafiretoci biyu suka buɗe baki gaba ɗaya, injin ya shaƙe da mai, ya yi aman wuta, tiren kakar Lurleen ya ɓalle ya tashi sama yana juyawa yana walƙiya, ya sauka a gaban benci. Sannan motar ta tuna ko ita wace ce, ta zabura. Kai! Wannan ɗan lokaci ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai can nesa na hango fitilar birkin wagon ta kama, Nadine ta riga ta tsallake, har ta kunna sigina za ta karya kwana.

Na tsallake layi ni kaɗai. Na taka birki. Dutse. Kwalta ta ƙare, na shiga yashin da aka zuba don irina, na wuce shi, na ratsa waya, na shiga makiyaya. Taɓon wajen shan ruwan shanu ne ya karɓe ni. Wata saniya ta zo ta leƙa ta ramin bonet, ta dube ni, ta tafi.

Mai motar jan motoci ta filin ya tafi cin abinci. Saboda haka Nadine ce ta zo da sarƙa ta ɗaura ni a bayan wagon ɗin Mama. Hanyar dawowa kuwa ta gaban benci take bi. Ta ja ni a hankali, a hankali, yadda take wuce gaban makaranta. Ina zaune ina riƙe da sitiyari, ba gira, ba gashin baki, taɓo har gilashi, ga 10.90 ɓaro-ɓaro a gefena. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Lurleen tana cikinsu, tana yin tafi da tirenta.

Aka miƙo mana takardun sakamako. Nadine ta yi sha tara da ɗigo arba'in da ɗaya. Nawa na naɗe zan sa a aljihu, Hobart ya fizge ya karanta da ƙarfi, "Sha huɗu da ɗigo casa'in!"

"Agogonsu ya lalace," na ce, amma ko ni ban ji muryata ba.

"Da ka rubuta haka," in ji shi, "sakan huɗu da rabi za ka jira. Da ba ta mutu ba."

Mama ta buɗe jaka ta ciro takardar mota ta miƙa wa Nadine. Sai ta ciro hankici ta goge min taɓo a kumatu, a gaban kowa, kamar ina ɗan shekara shida. Wannan ya fi dariyar benci zafi.

Nadine ta buɗe ƙofar direba ta sauke abin kare rana da ke sama da sitiyari. Wata uku ina cikin motar nan ban taɓa sauke shi ba, ni da ke sa gilashin rana. A bayansa akwai rubutun fensir, hannun Baba, layi-layi da kwanan wata. 14.62. 14.58. 14.60. 14.61. Har ƙasa, ba ko ɗaya da ya sauka daga sha huɗu.

"Kofi sha ɗaya da wannan ya ci su," in ji Nadine. "Ni nake riƙe masa kwalbar folish. Kai kana can wajen masu sayar da abinci kana gaya wa mutane ubanka ya fi jirgin sama gudu."

Na tsaya ina kallon rubutun. Hannun Baba ne sak, da bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya a wajen kwanan wata. Wata uku, da gira biyu, da gonar tumatir, duk don in mai da motar mutumin nan ta fi yadda ya bar ta jinkiri.

"Ya san ina faɗin haka?" na tambaya.

"Ya sani. Cewa yake a ƙyale ka, wata rana filin zai gaya maka."

Asabar uku ta ɗauke su, ita da Hobart. Suka cire kamshaf ɗina, suka mayar da tsohuwar kafireta ɗaya da na jefar a bayan gareji, suka samo wani bonet. Ranar da suka tayar da ita, ta yi wannan gurnanin a hankali irin na da, Mama ta fito bakin ƙofa da tawul a hannu ta tsaya tana hawaye. Ni ma wani abu ya faɗa min a ido, mai yiwuwa don ba gira.

Yanzu duk Lahadi Nadine ce ke kai mu coci. Mama a gaba, ni da Lurleen a baya, a kujerar da nake zama ina yaro. An wanke motar tas, an goge ta tana ƙyalli, ban da gilashi ɗaya. Nadine ta ce motarta ce, kuma tana son lambar a inda take. Gefena ne kuwa. Danjar garinmu in ta tsayar da mu injin ba ya mutuwa, sai mu zauna cif, masu wucewa suna leƙo fuskata ta cikin sifilin lambar.

Jiya wani baƙo ya zauna a kujerata, ya ce ya ji ana maganar jar motar nan, sakan nawa take yi? Na ga kawuna biyar a benci sun ɗago daga jarida. Na gyara masa zane a wuya, na yi gyaran murya.

"Sha huɗu da ɗigo sittin," na ce. Na ɗan jira. "Amma fa ranar iska tana gaba."